Albasa na shan iska, Inna na gasuwa

Bara waccan yayana da ke Abijan ya aiko da kuɗi a gina wa Inna ɗaki a gidanmu na Galma Kudawace. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana can, kuma duk wanda ya san mutanen jihar Tawa ya san abin da ɗan cirani ke fara yi in Allah ya buɗa masa: ya fitar da uwarsa daga ɗakin ƙasa. Ya lissafa abin da yake so ta waya, bai rage komai ba. Bulon siminti, rufin kwano, ƙofar ƙarfe, fenti shuɗi. Ni da ke kusa da gida aka ɗora wa tsayawa kan aikin.

Ranar da gini ya kai linta, na ce wa magini ya bar ƴar taga a saman ƙofa, faɗinta daidai da ƙofar, tsayinta bulo biyu. Ya leƙo ni daga kan katakon da yake tsaye, ya yi dariya.

"Mushe, wanga abu na mutanen dauri na. Wa ka yin shi yanzu?"

Ya ce in za a yi ta sai an ƙara wa bango layi biyu, kuma mai walda ya riga ya haɗa ƙofa ba tare da ita ba. Na kira Abijan. Yaya ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Kai dai boko ya yi maka yawa. Na turo kuɗi a yi gini irin na birni, kana so ka huhhuda mini shi kamar akurkin kaji?" Na ce, "Yaya, zafi fa." Ya ce zai aiko da fanka.

Na yi shiru. Kuɗinsa ne, kuma gaba yake da ni. Saboda haka duk abin da zan faɗa a nan, da ni a cikin masu laifin.

An tare cikin hunturu, dangi suka zo barka, mata suka yi guɗa. Da bazara ta kama, wata rana bayan azahar na shiga gida ban sami Inna a sabon ɗaki ba. Sai can na tarar da ita a tsohon ɗakinta na ƙasa, wanda muka mayar wurin ajiye hatsi, ta shimfiɗa tabarma tsakanin buhu biyu. Na ce, "Inna, lafiya?" Ta ce, "Wancan ba ɗaki na ba, tanderu na." Sannan ta roƙe ni kada in gaya wa yayana, kada ransa ya ɓaci. Fankar kuwa ta iso, mai sola, sabuwa fil. Na kunna ta a ɗakin na tsaya a gabanta. Iskar tanderun take kwasowa ta watsa mini a fuska.

To jama'a, ga abin da ya hana ni barci. A wannan yanki namu na Madawa, babu manomin albasar da zai kwashe albasarsa ya zuba a ɗakin kwano ya ja ƙofar ƙarfe ya rufe. Ko yaro ya san kafin wata ya zagayo ta ruɓe. Rudu ake yi mata, na kara da ciyawa, a ɗaga shi daga ƙasa, iska na shiga ta ƙasa tana fita ta sama, ta yi watanni tana jiran farashi ya tashi. Albasar Galmi da ake yabo har Abijan da Akara, haka ake lallaɓa ta. Wato mun san ilimin sarai. Mun san abu mai rai yana bukatar iska ta ratsa inda yake. Amma da aka zo kan tsohuwa, da mai jego, da jariri ɗan kwana uku, sai muka yi musu akwati muka ce ci gaba ne.

Aikin wannan ƴar taga ba wani sirri ba ne. Iska mai zafi sama take yi, shi ya sa hayaƙi ke tashi. Kwano a ranar Afrilu yana ɗaukar zafin da ya haura digiri 60, ka taɓa shi ka ji. Wannan zafin yana sauka cikin ɗaki, ya haɗu da numfashin mutane da zufarsu, ya taru daga saman ƙofa zuwa rufi. Ƙofa ba ta kai can ba. Tagar da aka yi daidai ƙirji ita ma ba ta kai can ba, kuma galibi a rufe take, don babu matar da za ta kwanta taga a buɗe masu wucewa na kallonta. In akwai kafa a can sama, zafin ya sami hanyar fita, kuma fitarsa ce ke jawo wata iskar ta ƙasa. In aka yi sa'a akwai wata kafar a bangon baya, sai iska ta ratsa ɗakin gaba ɗaya. Ana iya rufe ƙofa, a sa sakata, a tuɓe, a yi barci, ɗaki na numfashi. Da rana kuma haske na shigowa ba sai an kunna tocila ana neman allura ba.

Iyayenmu ba su zauna aji an koya musu wannan ba, amma dubi gininsu. Bango mai kauri na tubali, rufin azara da ƙasa, da ƴan kafofi can sama inda idon mai wucewa ba ya kai. Ɗakin kara kuwa duk jikinsa taga ne. Ba na cewa ɗakin ƙasa aljanna ne. Da dare yana amayar da zafin da ya sha, shi ya sa kowa ke fita tsakar gida da bazara, ga yaɓe duk shekara, ga fargabar damina. Azara ma ta yi wuya, giginya ta ƙare, kuma wannan na cikin abin da ya tura mutane ga kwano. Ban ga laifin wanda ya gaji da yaɓe ba. Laifinmu shi ne mun ɗauki kayan da suka fi ƙasa saurin ɗaukar zafi, bango siriri da rufin ƙarfe, a daidai lokacin da ya kamata mu ƙara kafofin iska sai muka toshe ƴan waɗanda muka gada.

Kuma abin ban haushi, ba wai "ginin zamani" ne ya zo babu ita ba. Duk wanda ya shiga tsofaffin ofisoshi da azuzuwan da aka gina zamanin Turawa da farkon mulkin kai ya ga dogon bango, da baranda, da kafar iska a saman ƙofa. Mu ne muka kwaikwayi ginin muka yar da hikimarsa, kamar wanda ya sayi rijiya ya ƙi guga.

Na san amsoshin da ake bayarwa, don na sha su daga bakin yayana da na magini. Ɓarawo, wai. Wane ɓarawo ne zai bi ta kafar bulo biyu da aka gitta wa rodi? Wanda ya yi niyya kwanon yake ɗagawa, ko ya ɓalle kwaɗo. Ƙura kuma gaskiya ce, hunturunmu ba wasa ba ne, amma maganinta marfi: ɗan faifan ƙarfe ko na katako mai maɗauri, a tura shi da sanda a rufe in buji ya taso, a buɗe in ya lafa. Wata uku na ƙura bai isa a ɗaure mutum wata tara ba.

Maganar sauro ce kaɗai ke da nauyi, kuma ba zan yi mata riƙon wasa ba. Masu binciken zazzaɓin cizon sauro sun daɗe da gano cewa sauron da ke kawo ta ya fi shiga ɗaki ta sama, ta ratar da ke tsakanin bango da rufi, yana bin warin mutane. Saboda haka wanda ya ce kafa a sama ƙofar sauro ce bai yi ƙarya ba, in an bar ta haka wayam. Amma a Gambiya, a yankin Farafenni, an yi gwaji a gidaje 500, aka buga sakamakon a 2009: gidajen da aka sa wa raga, sauron da ke shiga ya ragu da kusan rabi, ƙarancin jini a wurin yara ma ya ragu. Raga ce amsar, toshewa ba amsa ba ce. Kuma ku tambayi kanku, ina mutanen ɗakin kwano ke kwana in zafi ya yi zafi? Waje. Wa ke iya shiga gidan sauro a ɗakin da ko numfashi da ƙyar ake yi? Ɗakin da aka toshe don gudun sauro shi ne ke kora yara tsakar gida, inda sauron ke jiransu a farkon damina.

Akwai dalilin da ba a faɗa da baki, kuma shi ne na gaskiya. Gini a wurinmu ya zama hoto. Mai kuɗin yana Abijan ko Legas ko Libiya, ba zai kwana a ɗakin ba sai in ya zo sallah. Abin da zai gani shi ne hoton da za a tura masa ta WhatsApp, ya nuna wa abokan zamansa: bango sumul, ƙofa mai ƙyalli, fenti. Hoto ba ya nuna zafi. Wadda za ta zauna a ciki kuma ba a tambaye ta ba, in ma an tambaye ta kunya ba za ta bar ta ta kushe kyautar ɗanta ba. Haka amarya, haka mai jego da al'ada ta ce ta zauna ɗaka kwana arba'in, ga wankan ruwan zafi, ga kunun kanwa, ga kwano a kanta. Maza na gindin bishiya da rana, su ne kuma ke yanke shawarar yadda ɗaki zai kasance.

Magini shi ma yana da nasa. A da magini gadon gidansu ne, ya san ƙasa, ya san inda iska ke fitowa, yana iya ce wa mai gida a'a. Yanzu maso ake ce masa, an yi jinga da shi, duk layin bulon da ya rage riba ce, duk kafar da zai tsaya gyarawa ɓata lokaci ne. Mai walda kuma ƙofa iri ɗaya yake bugawa tun safe har dare, ya jingina a bakin hanya, wanda ya zo ya ɗauka. Da zai haɗa ta da firam ɗinta na sama, da rodi da raga, ya sayar a haka, da rabin matsalar ta mutu ba tare da an yi taro ko ɗaya ba. Kuɗin da za a ƙara bai kai na fentin da ake shafa wa fuskar gida don ƴan kallo ba.

Wani zai ce ai fanka da na'urar sanyaya ɗaki sun raba gardama. Da wace wutar? A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke sha, ba ta dawo ba sai a Maris na 2024. Mutanen Yamai da Maraɗi da suka gina gidaje bisa alkawarin na'ura sun ɗanɗana. Wannan a birni ke nan. Ƙauyuka nawa ne a Madawa da Buza da Keita ko turken wuta ba su taɓa gani ba? Muna gina ɗakin da ba ya zaunuwa sai da lantarki a garin da babu lantarki.

Zafin kuma ba na jiya ba ne. A ranar 3 ga Afrilu 2024, cikin azumi, garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5. Asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ba da labarin mutuwar mutum 102 cikin kwana huɗu na farkon watan, alhali a Afrilun shekarar da ta gabace ta 130 aka samu a wata guda cur. Da yawansu tsofaffi ne, sa'o'in Inna. A ƙauye babu mai ƙirga irin wannan. Tsoho ya kwanta da azahar bai tashi ba, a ce kwana ya ƙare, a yi addu'a a watse. Kwana kam na Allah ne, amma wanda ya rufe ɗakin da sauran tambaya a kansa.

Ba zafi kaɗai ba. Muna tsakiyar yankin sanƙarau, kuma a 2015 Nijar ta ga mutum kusan 8,500 sun kamu, 573 suka rasu. Taga ba allurar rigakafi ba ce, kada a ce na ce. Amma sanƙarau da tarin fuka da ƙyanda duk ta numfashi suke bi, kuma sun fi jin daɗin ɗakin da mutum takwas ke shaƙar iskar juna har asuba. A birnin Lima na ƙasar Peru an auna iskar asibitoci, aka buga a 2007: tsofaffin da aka gina kafin 1950, masu dogon bango da manyan tagogi, iskarsu na sabuntuwa fiye da ninki biyu na waɗanda aka gina daga baya. Ga kuma gawayin da ake shiga da shi ɗaki da hunturu a ja ƙofar ƙarfe. Ɗakin kara yana yafe wannan ganganci. Ɗakin siminti ba ya yafewa.

A Ingila an taɓa sa haraji kan tagogi, daga 1696 zuwa 1851, har mutane suka riƙa toshe nasu da bulo don gudun biya. Faransa ta yi nata harajin ƙofa da taga daga 1798 har 1926, likitocinsu suna ta kukan cewa ana kashe talaka da duhu da rashin iska. Su dai hukuma ce ta matsa musu. Mu babu wanda ya sa mana ko dala, da hannunmu muka toshe, muka biya magini ladan toshewar.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba sai mun je nesa neman misali ba. A nan jihar Tawa, a Yama, Alhaji Falke Barmu ya fara gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, ginin da ya ci kyautar Aga Khan a 1986, masana gini na duniya suna zuwa kallo. A Dandaji, Mariam Isufu Kamara, ƴar ƙasar nan, da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da bulon ƙasa da aka matse, suka mayar da tsohon ɗakin karatu, aka gama a 2018, kuma tun daga zane an yi lissafin yadda iska za ta shiga ta fita da kanta. A Burkina Faso, Francis Kéré ya gina makarantar ƙauyensu Gando a 2001 da rufin kwano, irin namu, sai dai ya ɗaga shi sama da silin na ƙasa ya bar rata zafi na ficewa. A 2022 aka ba shi kyautar Pritzker, mafi girma a harkar zanen gini, shi ne ɗan Afirka na farko. Duniya na ba mutane lambar yabo kan abin da maginin garinmu ya kira na mutanen dauri.

(Mu ne fa mutanen da tun 1975 muka jera layukan dogon yaro a kwarin Majiya don mu karya iskar da ke cinye gonaki. Mun iya hana iska inda take ɓarna. Da alama hannun ne ya zarce har cikin ɗaki.)

Inda abin ya wuce na gida ɗaya shi ne ginin hukuma. Bayan gobarar azuzuwan zana ta Yamai a Afrilun 2021 da ta Maraɗi a Nuwamban shekarar, inda kowace ta ci yara fiye da ashirin, an yi alkawarin maye gurbin dubban azuzuwan zana da na gini. Daidai ne, babu mai son ya sake ganin wannan. Amma ni malamin makaranta ne, na koyar a ajin kwano da yara sun haura saba'in, tagogin ƙarfe a rufe saboda rana na dukan allo, babu kafa ko ɗaya a sama. Daga ƙarfe sha ɗaya babu sauran karatu, sai gyangyaɗi da haɓo. Watannin da zafi ya fi tsanani kuma su ne na shirin jarrabawa. Duk ajin da aka gina a toshe bana, haka yara za su gasu a cikinsa shekara talatin. Magajin gari da ke sa hannu kan kwangila, da injiniyan da ke karɓar gini, da ƙungiyoyin da ke kawo kuɗin, me zai hana su rubuta a takarda cewa ba a karɓar aji ko ɗakin haihuwa sai da kafar iska mai raga a saman kowace ƙofa da bangon da ke fuskantarta? Layi ɗaya ne. Kuma a daina zuwa karɓar gini da ƙarfe tara na safe. A zo da ƙarfe biyu na rana a watan Mayu, a rufe ƙofa, a zauna ciki minti talatin kafin a sa hannu.

Ku kuma ƴan uwana da ke cirani, na san da wace wahala kuke tara kuɗin nan, kuma na san don Allah da son iyaye kuke yi. Kafin ka turo na kwano, kira tsohuwar, ko ka sa ƙanwarka ta tambaye ta in babu maza a wurin, ina take wuni da bazara.

Mu dai bana, kafin azumi, na nemo wani magini daban. Ya sa kurfi da guduma ya fasa layi biyu a saman lintar, ya fasa wata ƴar kafa a bangon baya kusa da rufi. Mai walda ya yi firam da rodi huɗu da raga da marfi. Muka shimfiɗa zana a ƙarƙashin kwanon. Aikin yini biyu ne, kuma ya fi tsada a kan da tun farko aka yi, ga tabon siminti da fenti bai rufe ba har yanzu. Ɗakin bai zama kogo ba, kwano kwano ne. Amma Inna ta kwashe tabarmarta daga cikin buhunan hatsi, tana ƙailula a ɗakinta ƙofa a rufe. Maƙwabcinmu da ke shirin aurar da ɗansa ya zo ya tsaya ya daɗe yana kallon saman ƙofar, ya tambaye ni nawa mai walda ya karɓa.

Yaya bai sani ba tukuna. Hoton da na tura masa da sallah daga gefe na ɗauka. Ya ce yana nan tafe bayan girbi.